Ragar Harawa a Katangar Hajja

"Wannan ya yi girma," in ji Baba Tyav, yana ƙwanƙwasa ragar ƙarfen da sandarsa. "Akuya uku ne, Hajja. Ba shanu ba ne."

"Kai dai faɗi gaskiya, rowarka ce ta motsa," in ji Hajja. "Ashemi, sauko mana da ita mu gani da kyau."

Ashemi mai walda ya tura baƙin tabaransa kan goshi, ya sauko da ragar daga ƙusar da take rataye, ya jingina ta da wata ƙofa da bai gama haɗawa ba. Tun da aka mayar da Lafiya babban birnin jiha, ƙofofi da tagogin sababbin gidaje suka cinye masa lokaci, ragar zuba wa awaki harawa kuwa sai guntayen rodi sun taru yake tunawa da ita. Iri uku ne a rumfar tasa da ke bakin titin Akurba. Akwai ƙarama, wadda ba ta fi faɗin ƙirjin mutum ba, ana huda bango a ɗaure ta da noti. Akwai ta katako, wadda wani kafinta ya kawo ajiya ya manta da ita. Sai babbar da Hajja ta ƙyalla ido a kanta tun daga tsallaken titi. Ƙugiya biyu gare ta da ake saƙalawa a kan katanga, bakinta a wangale ta sama, a ƙasanta kuma an yi mata faranti mai tare ganyen da ya zube.

Rosaline, 'yar Baba Tyav, ba ta shigo rumfar ba. Tana tsaye cikin rana da jaka a hammata, ta sha kunu. Jiya ta iso daga Makurdi inda take aikin nas, kuma ba sayen ƙarfe ne ya kawo ta ba, ta zo tafiya da ubanta ne. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya daina shiga, jininsa ya hau. A makon da ya wuce ya sunkuya zai zuba wa awakinsa harawa a kwano, jiri ya kwashe shi, sai da maƙwabta suka ɗaga shi.

"Ko wacce kuka saya, gobe da shi zan tafi," ta ce daga inda take.

"Ba na zuwa ko'ina," in ji tsohon, ko waiwayawa bai yi ba. "Mamanka yana bayan ɗaki. In na tafi, wa zai share masa?"

Hausarsa ta Tibi ke nan, wadda ba ruwanta da mace ba ruwanta da namiji. Matarsa Mwuese yake nufi. A bayan ɗakinsa aka binne ta, cikin gida, yadda mutanensu suke yi, kuma tun daga ranar bai taɓa karyawa da safe ba sai ya share kabarin. Ya sha faɗa wa duk mai kunnen ji cewa a gefenta zai kwanta.

Gidansa da na Hajja baya da baya suke, katanga ɗaya ce ta jar ƙasa tsakaninsu. Amma ƙofofin kowacce da layin da take kallo, in za ka je daga wannan zuwa wancan sai ka zagaya ta bayan injin niƙa ka tsallake kwata. Shekarar da aka yi rikici, 'yan Tibi suka watse daga ƙauyuka da gefen gari, ta kan katangar nan tsohon ya miƙa wa Hajja awakinsa ɗaya bayan ɗaya kafin ya gudu da iyalinsa. Da ƙura ta lafa ya dawo, ya tarar da su har da ƙari. Gonarsa ta wajen Adogi bai sake taka ta ba, awakin nan su ne suka zame masa noma. Daga baya da ciwo ya fara cinsa, sai wata al'ada ta shiga tsakanin gidajen biyu ba tare da kowa ya tsara ta ba. Duk safiyar da ya kasa tashi da wuri, awakin sukan cika unguwa da kukan yunwa. Hajja ta ja tsaki, ta yafa gyale, ta zagayo tana mitar ciwon gwiwa. Ta zuba musu harawa, ta leƙa shi, ta wanke shi tas da faɗa a kan magani, sannan ta zauna a bakin ƙofa su yi hira har man gyaɗarta ya kusa ƙonewa a wuta.

Hajja kuwa irin matan nan ce da in suka ce ga hanya, to ko ta cikin kwata ce sai an bi. Bazawara ce, 'ya'yanta duk sun yi aure, da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli take riƙe da kanta, kuma ba a taɓa jin ta ce ban sani ba.

"Ta katakon nan fitar da ita daga lissafi," ta ce. "Abin da gara ta rage awaki su gwaigwaye. Ƙaramar kuma hudawa ake yi. Katangata ta ƙasa ce, a huda ta ruwa ya samu hanya, damina ɗaya ta kwanta mu koma muna kallon juna a makewayi?"

Ashemi ya yi dariya. Baba Tyav ya dunƙule hannu ya gwada tura shi tsakanin rodin babbar ragar.

"Kan akuya ba zai shiga nan ya maƙale ba? Na taɓa gani a Gboko, ƙaho ya kama, akuya ya shaƙe."

"Baki kaɗai ke shiga, Baba," in ji Ashemi. "Na matse su. Ga faranti kuma, ganye ba zai faɗi ƙasa su taka ba. Ka san akuya, abin da ta taka ba ta ci."

Hajja ta juya wajen Rosaline, don dama ita ake yi wa wa'azin. "Rosa, matso ki gani. A saƙala ta a kan katanga ta ɓangarensa. Ni daga gidana in ɗago dami in jefa ta sama, shi ke nan. Ba sunkuyo, ba ɗaukar kaya, ba jiri. Cika ɗaya sai su wuni su kwana suna ci."

"Ƙarami ya isa," in ji tsohon a hankali. Ya kai hannu yana shafa ƙaramar ragar. "In ya ƙare su yi kuka, a zo a ƙara musu. Akuya da ba ya kuka, akuya ne?"

"Ai kukan nan ne ya ishe ni, Baban Rosa. Gwiwata ta gaji da zagaye."

Ya dube ta kamar zai ce wani abu, sai ya sauke hannunsa. Hajja ta ɗauka ta ci gardama ne, har ta ƙifta wa Ashemi ido.

Rosaline ta ja ta gefe, bayan wani tankin ruwa. Fushin ya bar fuskarta, tsoro ne kawai ya rage.

"Mama, ni ba awaki ne damuwata ba. Abeg ki gane. Irin ciwon nan ba ya sallama. In ya sake faɗuwa ba kowa a gidan fa?"

"Ba kowa kamar yaya? Ni mece ce?" Hajja ta dafa ƙirji. "Ɗakinsa jingine yake da madafata, bango ɗaya ne. Ko tari ya yi ina ji. Ki kai shi Makurdi ki kulle a ɗakin siminti, ba akuya, ba kabarin matarsa, wata ɗaya ba zai yi ba. Ki bar min shi, Rosa. Na karɓi amana, in wani abu ya same shi ni za ki tambaya."

Rosaline ta daɗe tana kallon ubanta, wanda ya zauna a kan bencin Ashemi yana haki don 'yar tsayuwar da ya yi. Tana son ta yarda, wannan shi ne gaskiya. Ɗaki ɗaya gare ta a Makurdi, da miji, da yara, da aikin da ba ya barin ta ta zauna. Ta share ido da bayan hannu ta ce to.

Da la'asar Ashemi ya kawo ragar a baro ya saƙala ta a kan katanga, dab da kusurwar ɗakin tsohon inda turken awakin yake. Hajja ta tsaya a gidanta ta ɗaga damin harawar gyaɗa ta jefa, ya faɗa ciki daidai. Awakin suka yi caa a kai. Duk fizgar da suka yi sai ragar ta ɗan ɗago a kan ƙugiyoyinta ta koma ta bugi bango, ƙwam, ƙwam. Ashemi ya ce zai dawo da guntun taya ya sa mata a baya don ta daina bugu. Alkawarin mai walda ne, har yau yana hanya.

"Msugh, Hajja," in ji Baba Tyav daga ɗaya ɓangaren, godiyarsu ke nan. "Na gode."

Washegari Rosaline ta hau mota ita kaɗai.

Ragar ta yi aiki, kada a ci mata haƙƙi. Harawa ta daina lalacewa, awakin suka yi sumul, unguwa ta huta da kuka. Matan layin suka riƙa shigowa kallo, Hajja tana nuna musu da muciya kamar ita ta ƙera. Gwiwarta ma ta huta. Da safe ta jefa dami, ta ɗaga murya ta ce, "Baban Rosa, an tashi lafiya?" In ya amsa to, in bai amsa ba ta san ya tafi coci, ko yana ƙofar gida a gindin mangwaro inda murya ba ta kaiwa. Bugun ƙarfen a bango, wanda da farko yake sa ta zabura, ya zame mata kamar ƙarar injin niƙan bayan gida, tana ji ba ta ji.

Abin da ya daina faruwa shi ne zagayen. Ba da niyya ba, dalilin ne kawai ya gushe. Mako ya wuce, wani ya bi bayansa, ba ta tsallake kwatar nan ba.

"Hajja, kwana biyu ban gan ka ba," ya ce wata safiya ta bayan katanga.

"Ba ga shi kana jin muryata ba?"

"Na dafa doya. Zo ka ci."

"Sai na sami sarari, Baban Rosa. Ka sha maganinka?"

"Na sha."

Ranar Lahadi Rosaline takan bugo waya wurin mai wayar haya da ke ƙarƙashin lema a bakin titi, a aiko a kira Hajja. Ita kuma ta riƙe wayar nesa da kunne ta yi ta kwarara murya, "Ƙalau yake! Har ƙiba ya yi, shi da awakin!" Ba ƙarya take so ta yi ba. Ta dai manta cewa rabon da ta ga fuskarsa tun gyaɗa tana gona.

Da kaka ta yi, sabuwar gyaɗa ta cika kasuwa, wata mata daga Kwandere ta ba ta aikin mai da ƙuli-ƙuli na bikin 'yarta, mai yawan da Hajja ba ta taɓa karɓa ba. Ta tare a madafa tun sassafe, bayanta jingine da bangon nan. Ta jefa harawa, ta yi gaisuwa, ba a amsa ba. Ta ce a ranta yau tsoho ya yi sammakon coci.

Da hantsi bugu ya fara. Ba irin na kullum ba ne, wannan ƙanana ne, a jere, kuma daga can ƙasa yake fitowa. Amma hannunta yana cikin tunkuza mai zafi, hayaƙi ya cika mata ido, wa ke da lokacin tantance bugun akuya?

"Kai! Ku ci a hankali mana!" ta daka tsawa. "Za ku kayar min da katanga!"

Aka yi shiru. Can aka ci gaba. Ta ɗauki muciya ta maka wa bangon sau biyu. Sai bugun ya rikice, ya yi sauri, ya yi ta zuwa ba tsayawa, kamar wanda aka amsa wa sallama bayan ya daɗe a ƙofa.

Hajja ta yi dariya. "Oh, har da ramuwa? Ƙoshi ne ya yi muku yawa." Ta miƙa hannu ta ƙure rediyonta.

Haka aka wuni. Washegari ta ƙara dami a kan wanda bai ƙare ba, ta yi gaisuwa tana tafiya, ba ta ma tsaya jin amsa ba don mai yana tafasa. Bugun ya dawo, amma ya yi rauni, sai a yi ɗaya a daɗe kafin a yi wani. Ta ji daɗi. Har ta ce wa matar da ta zo karɓar ƙuli-ƙuli, "Kin ji sun fara hankali." Daga baya ya tsaya gaba ɗaya, ba ta ma lura da lokacin da ya tsaya ba.

Ƙishirwa ce ta tona asirin. Harawa ana jefa ta ta kan katanga, ruwa kuwa tsohon ne yake zuba musu da kansa. Da rana ta take a rana ta gaba, awakin suka ɓarke da wani irin kuka a dishe, wanda Hajja ba ta taɓa ji daga bakinsu ba. Ta kifa turmi ta taka ta leƙa. Ragar cike take da harawa. Bahon ruwan ya bushe ƙayau, sun kifar da shi. Ƙofar ɗakin a rufe. Kabarin Mwuese kuma ganye ya lulluɓe shi, ba na yini ɗaya ba.

Ba ta san yadda ta sauko ba. Ba gyale, ba takalmi, ta bi ta bayan injin niƙa da gudu, ita da gwiwar da take ta lallaɓawa, ta faɗa kwata da ƙafa ɗaya ta fito. Ƙofar ba a kulle take ba, turawa ɗaya ta buɗe. Yana kwance a ƙasa tsakanin gado da bango, a kan gefensa, fuskarsa tana kallon bangon. Ta kira sunansa. Ta durƙusa ta taɓa wuyansa. Ya tafi, amma jikin bai gama yin sanyi ba.

Ihunta ne ya tara layi biyu. 'Yan cocinsu suka zo suka naɗe shi da zane, aka sa shi a bayan a-kori-kura zuwa mutuware. Wata maƙwabciya ce ta tuna ta ba awakin ruwa. Ita Hajja tana zaune a dandamali da ƙafa ɗaya baƙa ƙirin da ruwan kwata, mutane suna yi mata sannu, suna cewa ai ta yi ƙoƙari, samun maƙwabciya irinta sai an tona. Kowace sannu sai ta ji kamar an watsa mata mai mai zafi.

Rosaline ta iso da yayanta Aondoakaa, wanda ya tashi a wurin dangi a Binuwai, bai san Lafiya ba sai da baƙunta. Dangi suka biyo baya, aka jera benci a gindin mangwaro. Hajja ta dafa shinkafa ta zagayo da ita da kanta. Ta so a ce Rosaline ta shaƙe ta, ta zage ta a gaban jama'a, da ta fi samun sauƙi. Sai yarinyar ta durƙusa ta gaishe ta, ta riƙe mata hannu.

"Shanyewar ɓarin jiki ne, Mama. Yana ɗauke baki, mutum ba ya iya kira. Ina jin nan take ya tafi. Bai sha wahala ba."

Hajja ta tuna ɗumin wuyan nan a tafin hannunta. Ta ce Allah ya sa. Ita ma so take ya zama haka, ta kama maganar da hannu biyu duk da ta san ba ta da ƙwari.

Da ta ji dattawan suna maganar motar da za ta kai gawa ƙauyensu, sai ta kasa haƙuri. Ta matsa kusa, ta rage murya, abin da ba ta saba ba.

"Ku yi haƙuri in sa baki. Shi fa nan ya ce. Ya sha faɗa, a gefen matarsa yake so. Har wurin ya nuna min."

Aondoakaa ya ɗago ya dube ta. Bai ɗaga murya ba, da ladabinsa ya yi magana.

"Hajja, mun gode da abinci. Amma ka riga ka yi magana sau ɗaya, an ji naka, an bar shi a nan. Yanzu ka bari mu yi namu."

Rosaline ta sunkuyar da kai. Hajja, wadda ba a taɓa rufe wa baki a Akurba ba, ta tsaya da marfin kwano a hannu ta rasa inda za ta ajiye shi. Ta yi wa tsohon yaƙi ya zauna a gidansa, ga shi zaman ya ƙare a ƙasan ɗaki, kwanciyar da ya roƙa kuma bakinta ne ya hana shi, don maganarta ta zube ba mai sake ɗauka. Kuma ba ta da wanda za ta ɗora wa laifin.

Ranar tafiya da safe aka shiga kwashe kayan ɗakin. Hajja ta zo da tsintsiyarta, ba wanda ya kira ta, ba wanda ya hana ta. Maza suka ciccibi gadon suka fitar, aka naɗe tabarma, aka cire labulen ƙofa, haske ya shigo har kusurwa. Ta sunkuya za ta fara shara daga inda ta same shi, sai tsintsiyar ta tsaya.

A jikin bangon, bai fi taƙi ɗaya daga ƙasa ba, farar ƙasar da aka shafe ɗakin da ita ta ɓantale wuri guda. An sassaƙe bangon har jar ƙasar ciki ta fito, rami ya yi kamar tafin hannu, kewaye da shi ƙananan tabo ba iyaka. A gindinsa garin ƙasa ya taru. Ga cokalin shan maganinsa a gefe, bakinsa ya lanƙwashe.

Ta ji komai ya dawo mata a kunne, ƙananan bugun, da muciyarta, da saurin da aka yi bayan muciyar. Ya ɗauka ta ji shi. Ya kwanta yana jiran ƙarar takalminta a ƙofa, sai ya ji rediyo.

Ba ta ji shigowar Rosaline ba, sai inuwarta ta gani a bango. Yarinyar ta dubi ramin, ta dubi cokalin. Ta ɗauke shi ta juya shi a hannu. Nas ce, ba ta buƙatar a yi mata bayanin tsawon lokacin da hannu ɗaya mai rauni zai ɗauka kafin ya yi wa bango haka.

"Mama," ta ce, muryarta ba ta fita sosai. "Bayan nan madafarki ce?"

"Ita ce."

"Kina gida?"

"Ina gida."

"Ba ki ji ba?"

Amsar tana bakin Hajja a shirye. Na zaci awaki ne, na zaci ragar ce, kowa ma haka zai zata. Duk gaskiya ne, amma ta ji in ta furta su ba za ta sake iya kallon kowa ba.

"Na ji," ta ce.

A waje direba ya danna ham, wani yana kiran Rosaline da yarensu, ana ta fama da awakin da suka ƙi hawa mota. Rosaline ta zare tsintsiyar daga hannun Hajja a hankali ta jingina ta da ƙofa. Sannan ta durƙusa, ta shimfiɗa hankicinta a ƙasa, ta riƙa tattara jan garin da gefen hannunta tana zubawa a ciki, har wanda ya shige tsagar daɓe sai da ta tsince shi da yatsa. Ta haɗa bakin hankicin ta ƙulle.